Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ƙannena Da Suka Kama Sana'ar Ƙirar Shafin Intanet

Assalamu alaikum, ƙannena maza da mata.

Ina fata kuna lafiya. Ya ƙoƙari, ya haƙuri da rashin wuta da tsadar data? Wasiƙar nan taku ce, ku da kuka kammala koyon ƙirar shafin intanet ko kuke dab da kammalawa: waɗanda suka shiga 3MTT, shirin gwamnati na koyar da fasahar zamani da Ministan Sadarwa Dakta Bosun Tijani ya ƙaddamar a ƙarshen 2023, da waɗanda suka biya kuɗi a cibiyoyin koyon kwamfuta na Kano da Kaduna da Jos da Katsina, da waɗanda suka koya da kansu a YouTube da datar tsakar dare, kowa na barci. Da wuya mako ya wuce ɗayanku bai turo mini saƙo ba, kuma tambayar kusan guda ce: "Yaya, na gama koyo, yanzu ta ina ake samun aiki?" Amsar ta fi ƙarfin saƙon WhatsApp, shi ya sa na zauna na rubuta ta a buɗe, wanda ya karanta ya miƙa wa ɗan'uwansa.

A cikin waɗanda muka fara sana'ar nan tare, babu wanda ya bar ta don ya kasa haɗa shafi. Waɗanda suka bari, rigima da masu ba da aiki ce ta kore su, ko farashin da suka riƙa yankewa bai ko mayar musu da kuɗin data da man janareto ba, ko kuma sunansu ya ɓaci a gari kan wani abu da suka ɗauka ƙarami ne. A aji an koya muku HTML da CSS da WordPress da Figma. Abin da ba a cika koyarwa ba shi ne yadda za ka zauna da Alhaji a shagonsa ku yi ciniki, ka ba shi abin da zai buɗu a wayar da kwastomominsa ke riƙe da ita, ka kuma riƙe masa dukiyarsa da amana bayan an gama. A kan wannan nake so mu yi magana.

Na san inda hankalinku yake: Upwork da Fiverr, shafukan da ake neman aiki daga ƙasashen waje, a biya ku da dala. Ban ga laifinku ba. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500, don haka aikin dala ɗari biyu ya zama kuɗi na gaske. Amma ku shiga da idonku a buɗe. Fiverr yana cire kashi 20 cikin ɗari na duk abin da aka biya ka, wato a aikin dala 100 tamanin ne naka, kuma sai kuɗin sun yi kwana 14 a hannunsu kafin sabon shiga ya iya cirewa. A Upwork kuwa, neman aikin ma sai ka kashe abin da suke kira Connects, da kuɗi ake sayensa, ko an ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba. Aiki ɗaya in aka sa, kafin ka gama karanta bayaninsa mutanen Indiya da Fakistan da Bangaladash da Filifin sun yi masa rubdugu, wasunsu sun shekara goma a wurin, da ɗaruruwan shaidar yabo daga waɗanda suka yi wa aiki. Kai kuma ba ka da ko ɗaya. Sannan ga hanyar da kuɗin za su iso gida. PayPal ya shigo Najeriya a 2014, amma ya shafe shekaru yana barin mutum ya biya ba ya barinsa ya karɓa, shi ya sa yawancinmu muka saba da Payoneer, shi ma da nasa cajin.

Ba cewa nake kada ku buɗe asusu ba. Ku buɗe, da sunanku na gaskiya da hotonku da ƙasarku. Za a zo muku da tayin hayar asusun wani da ke zaune a Amurka ko Ingila, ko a ce ku ɓoye inda kuke da VPN. Kada ku yarda. Ranar da aka nemi mai asusun ya tsaya gaban kyamara da katin shaidarsa, asusun zai rufu da kuɗin guminku a ciki, kuma ba ku da bakin kai ƙara tun da da ƙarya aka shiga. Banda haka, duk wanda aka kama da irin wannan yana ƙara wa ɗan Najeriya na gaba wahalar a yarda da shi.

Abin da ke sa baƙo ya ba ka aiki shi ne ya ga wanda ka yi wa wasu, yana raye ana amfani da shi. Wannan kuwa a gida ake samunsa. Ku dubi Dawanau, masu fitar da riɗi da zoɓo da citta ƙasashen waje. Mai saye a Turkiyya ko Sin ko Meziko, abu na farko da zai yi shi ne ya nemi sunan kamfanin a Google. In bai ga komai ba, ko ya ga adireshin Gmail tsura, jikinsa zai yi sanyi ko da kuwa Alhajin yana da sito goma cike da kaya. Ga makarantun kuɗi da ke son iyaye su duba sakamako daga gida, ga asibitoci masu zaman kansu, ga otal-otal, ga ƙungiyoyin sa-kai da masu ba da tallafi ke tambayarsu ina shafinsu. Ga dilolin atamfa da shadda a Kantin Kwari da kwastomominsu ke Maraɗi da Agadas da Njamena da Garwa. Duk waɗannan suna kusa da ku, kuna jin harshensu, kun san yadda ake gaishe su, abin da wancan na Bangaladash ba shi da shi.

Sai dai ba kowa ke buƙatar shafi ba, kuma ku ne ya kamata ku fara faɗa. Hajiya mai turaren wuta da humra, wadda duk kwastomominta tana da lambarsu a waya, abin da zai amfane ta shi ne WhatsApp Business da kundin kaya a jere da farashi, da kuma a sa wurinta a taswirar Google. Ka yi mata wannan, ka karɓi abin da ya dace da shi. In ka lallaɓe ta ka sayar mata da shafin da ba za ta taɓa buɗewa ba, bayan shekara da kuɗin sabuntawa ya zo za ta ce ka cuce ta, kuma tana da gaskiya. Wanda kasuwarsa ta kai ya mallaki shafi amma yake cewa Facebook ya ishe shi, ku tuna masa ranar 4 ga Oktoban 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida, da kuma wata bakwai da Twitter ya yi a rufe a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Shi ma ya san wani da aka sace wa asusu da mabiya dubbai, ya wayi gari ba shi da hanyar da zai sanar da su.

Yanzu ga aikin kansa. Ku kuna ƙira a laftof mai faɗin fuska, wataƙila a cibiya mai Wi-Fi. Wanda zai buɗe shafin yana riƙe da Tecno ko itel ko Infinix, gilashin ya tsage ta gefe, wayar ta cika da hotunan biki da saƙonnin murya, sabis yana hawa yana sauka, datar da ya saya ta kwana ɗaya ce. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kowane megabait da lissafi ake kashe shi.

Na taɓa tsayawa a wani shago a Kwari, mai shagon ya ciro waya zai nuna mini shafin da wani yaro ya yi masa. Ya danna, muka zuba ido. Farin fili, sai wani ɗan da'ira yana ta juyawa. Ya ɗaga wayar sama, ya matsa bakin ƙofa, ya dawo. Can sai hoton shadda ya fara saukowa layi-layi. Kafin ya kai rabi wata mata ta shigo tana tambayar kuɗin leshi, ya kife wayar a kan dila ya juya gare ta, ba mu sake komawa kan zancen ba. Da na duba shafin daga baya, an ɗora hotunan ne yadda suka fito daga kyamara, kowanne ya kusa megabait biyar, an jera su a saman shafin farko suna zagayawa, ga bidiyo yana kunna kansa. Yaron ya iya aiki, launukan da ya zaɓa sun hau da kayan. Abin da bai yi ba shi ne ya buɗe shafin a wayar mai shagon, a cikin kasuwar, da tsakar rana.

Duk hoton da ya wuce kilobait 200 a shafin kaya, ku tambayi kanku dalili. Ku rage faɗinsa, ku juya shi zuwa WebP, tsarin hoto mara nauyi. Hotunan nan masu zagayawa a sama ku cire su, hoto ɗaya mai kyau ya isa, kuma kada bidiyo ya kunna kansa ya cinye wa mutum data bai nema ba. Ƙananan manhajojin da ake jona wa WordPress, wato fulogin, kowanne nauyi ne, wanda ba dole ba a bar shi. Akwai PageSpeed Insights na Google, kyauta ne, zai auna muku shafin, kuma ma'aunin da Google ke ɗauka mai kyau shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi. Shi Google ɗin ma yadda shafi yake a waya yake dubawa in zai jera shi a sakamakon bincike. Amma gwajin da na fi yarda da shi shi ne ka ari wayar mai gadi ko ta ƙaninka, ka kashe Wi-Fi, ka fita waje. A ranar Kano, rubutu mai ruwan toka a kan fari ɓacewa yake yi, komai kyawunsa a ɗaki. Ƙa'idar WCAG, wadda aka shimfiɗa don kowa ya iya amfani da shafi, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1. Shawarata kuma kada girman rubutun karatu ya gaza fiksil 16. Maɓalli kuwa a yi shi yadda babban yatsan dattijo zai danna shi bai haɗa da na kusa ba.

Mai buɗe shafin kasuwa abu huɗu yake nema: me kuke sayarwa, nawa ne, ina kuke, ta yaya zan same ku. Bai zo karanta tarihin kamfani ko kallon hoton shugaba a kujera ba. Ku sa masa waɗannan a inda idonsa zai fara sauka. Adireshi a haɗa shi da kwatance irin namu, bayan masallacin Juma'a, daura da gidan mai, don lambar gida kaɗai ba ta kai mutum ko'ina a unguwanninmu. Lambar waya ta zama wadda ake dannawa ta kira, a sa maɓallin WhatsApp da zai kai mutum kai tsaye ga mai kaya. Fom mai gurbi goma ba wanda zai cike, kuma imel ɗin da yake tafiya sau da yawa ba mai buɗe shi. In za a karɓi kuɗi a shafin, Paystack da Flutterwave suna aiki, amma ku bar wa mutane hanyar tura kuɗi ta banki su aiko da rasit, don da yawa har yanzu ba sa sakin jiki su rubuta lambar katinsu. Hotuna kuma ku je ku ɗauki na gaske. Makaranta a Gusau da hoton yaran Turawa a shafinta, iyaye suna gani sun san ba ita ba ce. In hoton ɗalibai ne, a nemi izinin iyayensu tukuna.

Sai batun harshe, wanda yake ci mini rai. Mai kaya Bahaushe, mai saye Bahaushe, cinikin baki da Hausa ake yinsa, amma shafi kacokan da Turanci, wai don ya yi kama da na manya. In kasuwar mutum Hausawa ce, ku ba shi shawara a yi da Hausa, ko a yi biyu mai karatu ya zaɓa. In za a yi kuma, a yi da kyau. Kada ku zuba wa injin fassara Turanci ku liƙa abin da ya fito ba tare da mai jin harshen ya karanta ba. Ku kula da haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, da kuma ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Salon rubutu da yawa da ke zuwa da samfurin shafi ba su da su, sai ka ga akwati a tsakiyar kalma, ko harafin ya fito da wata siffa dabam da ta sauran. Noto Sans na Google yana da su, haka Andika da Charis na SIL, duk kyauta. Kafin ku tsayar da salo, ku rubuta jimla mai ɗauke da dukkansu, manya da ƙanana, ku gani da idonku. Shafin ya kasance a UTF-8, kuma a shaida wa burauza cewa Hausa ce da alamar ha a saman kod.

To, na zo kan abin da ya fi komai sa ni rubuta wasiƙar nan. Sunan shafi, wato domen, na mai aiki ne, ba naku ba. Magini ba ya sa sunansa a takardar filin da aka ba shi ya gina, komai kyawun ginin da ya yi. Amma abin da ke faruwa a garuruwanmu shi ne yaro ya karɓi kuɗi, ya yi rajistar domen da imel ɗinsa, ya biya kuɗin masaukin shafi, wato hostin, da katinsa, kalmar sirri duk a kansa. Mai aiki bai san da wannan ba, shi dai ya ga shafi ya buɗe, ya yi murna, ya biya.

Wata makarantar kuɗi ta taɓa kirana ana saura 'yan kwanaki a ba da hutu. Shafinsu ya ɓace, kuma a nan iyaye ke duba sakamako. An buga adireshin a jikin motar makaranta, a allon ƙofa, a kan kowane rasit. Shugabar ta ɗauko fayil ta zazzage a kan tebur muna bi ɗaya bayan ɗaya, babu ko takarda guda mai sunan kamfanin da aka yi rajistar da shi. Wanda ya yi musu aikin ya tafi bautar ƙasa kudu, ya canza layi, saƙonnin gargaɗin cewa wa'adi ya kusa ƙarewa duk imel ɗinsa suka riƙa shiga. Kafin a same shi, sunan ya riga ya fita daga hannu. Ba mugun yaro ba ne, sakaci ne, amma sai da makarantar ta sake suna, ta sake fenti, ta sake buga takardu, kuma duk wanda ya zo mata da zancen shafi bayan nan da zargi take kallonsa.

Ku fahimtar da masu ba ku aiki cewa domen ba a sayensa a gama, hayarsa ake yi shekara-shekara. In wa'adi ya wuce akwai ɗan lokacin rangwame, daga nan sai lokacin fansa da kuɗi mai yawa, daga nan a sake shi kowa ya iya ɗauka, kuma akwai masu zaman jiran irin waɗannan sunaye su cafke su sayar da tsada. Saboda haka rajista da sunan mai aiki za a yi ta, da imel ɗinsa da lambar wayarsa. In ba shi da imel ku buɗe masa a gabansa. Ku a sa ku a matsayin masu kula, wanda zai iya cirewa ranar da ya ga dama. Ku riƙa ba da shawarar sunaye masu ƙarewa da .ng ko .com.ng, waɗanda ƙungiyar NiRA ke kula da su ta hannun kamfanonin da ta amince wa, don da naira ake biya, ba sai an nemi katin dala ba duk shekara.

Akwai masu riƙe domen da gangan, su ce maganin mai taurin bashi ke nan. Na san zafin a yi aiki a hana mutum haƙƙinsa. Amma garkuwa da dukiyar mutum ba hanya ba ce. Ka gina shafin a wurin gwajinka, ya gani ya gamsu, ya cika kuɗi, sannan ka ɗora a kan sunansa. Da haka ba ka riƙe nasa ba, bai riƙe naka ba.

Wannan ya kawo mu ga rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba, amma sai ka ga muna jin nauyin ɗauko takarda a gaban babba, kada ya ce ba mu yarda da shi ba. Shafi ɗaya ya isa. A rubuta yawan shafukan da za a yi, wa zai kawo rubutu da hotuna kuma yaushe, sau nawa za a yi gyara, nawa ne kuɗin, nawa ne kafin alƙalami, da abin da za a riƙa biya duk shekara. Ni rabi nake karɓa kafin na fara, sauran kafin a ɗora. In da baki kuka yi magana ko da saƙon murya, ka taƙaita a rubuce ka tura masa, ya amsa da "na amince". Ku kula sosai da batun wa zai kawo rubutu, don shi ne ke mayar da aikin mako biyu ya zama na wata biyar. Yawancin masu kasuwa ba za su zauna su rubuta bayanin kayansu ba. Gara ka je da kanka ka yi masa tambayoyi ka rubuta, ka kuma sa kuɗin wannan a lissafi.

Za ku ji "ɗan ƙara mini wannan, ai ƙaramin abu ne" har ku gaji, kuma wani lokaci ƙaramin abun kanti ne guda da hanyar biyan kuɗi. Ba sai an yi faɗa ba. "Ranka ya daɗe, za a iya, sai dai ba ya cikin abin da muka rubuta, ga abin da zai ci." Yawancinsu 'yan kasuwa ne, sun fi ku sanin cewa ƙarin kaya ƙarin kuɗi ne.

Wajen yanke farashi, ku lissafa awannin da za ku zauna, da data, da mai, da kuɗin mota zuwa wurinsa, da duk abin da za a saya da dala, kuma ku ce farashin na mako biyu ne saboda canji ba ya zama wuri ɗaya. Wanda ke karya farashi don ya ƙwace aiki kansa ya fara cuta, don dole ya yi aikin a gurguje ya ruga neman wani, sannan ya koya wa gari cewa sana'ar ba ta da daraja. Arha ba ta ado. Aikin dangi kuwa, ko dai ka ce wa kawu kyauta ce ka yi don Allah, ko ka faɗi kuɗi a fili. Tsakiyar nan ta "kawo abin da ya sauwaƙa" ita ke ɓata zumunci. Kada kuma ku raina kuɗin kulawa na wata-wata, na sabunta manhaja da ajiye kwafi da canza farashi. Mutum goma masu biyan kaɗan duk wata su ne ke riƙe mai zaman kansa a watan da sabon aiki bai shigo ba.

In kun karɓi kafin alƙalami, to kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙorafin da na fi ji a kanmu ba na munin aiki ba ne, na ɓacewa ne: an ba yaro kuɗi ya daina ɗaga waya. Uzuri na gaskiya yana faruwa. A Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun haura mako ba wuta, a Maris na shekarar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, a 2021 an rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya. Don haka ku riƙa barin rara a wa'adin da kuke bayarwa, ku riƙe layi biyu na kamfani dabam-dabam, kuɗin farko da ya shigo a sayi ɗan sola ko batirin ajiya kafin a yi zancen sabuwar waya. In aiki zai makara, ku ne za ku fara kira, tun kafin ranar ta zo.

Ku nisanci samfurin shafi da fulogin na kuɗi da aka fasa ake rabawa kyauta a Telegram. Banda kasancewarsa kayan sata, sau da yawa an dasa masa ƙofar baya, wata rana a wayi gari shafin makarantar Islamiyya yana tallar caca. Sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kan WordPress suke, shi ya sa masu kutse suka fi auna shi, kuma ta fulogin da ba a sabunta ba suka fi shiga. Tsaron HTTPS kuwa, wanda wasu burauza ke nunawa da makulli a gefen adireshi, tun Yulin 2018 Chrome ke yi wa shafin da ba shi da shi tambarin rashin tsaro. Let's Encrypt na ba da shi kyauta, kada ku caji mutum kamar wani abu kuka sayo masa. Bayanan mutane da ke shiga hannunku, sakamakon yara ko sunayen marasa lafiya, akwai dokar kare bayanai ta 2023 a kansu da hukumar NDPC da ke sa ido. Abin da ba a buƙata, irin su NIN da BVN, kada ma a tambaya.

Akwai kuma aikin da za a kawo muku da kuɗi mai tsoka, ba ciniki ba ja-in-ja: a kwaikwayi shafin shiga na wani banki, ko a yi shafin ɗaukar ma'aikata na bogi da tambarin gwamnati, ko na "zuba dubu hamsin ka kwashi ɗari a mako". Kun ga abin da MMM ta yi wa mutane a 2016, kun ga CBEX a Afrilun 2025. Kuɗin adashen iyayenmu mata ne da jarin masu kayan miya ke tafiya a irin waɗannan, kuma kowanne sai da wani mai sana'armu ya zauna ya ƙawata shi har ya yi kama da gaskiya. Dokar laifukan intanet ta 2015 ba ta bar wanda ya gina ba, kuma in EFCC ta bi sawu, imel da lambar wanda ya yi rajista take fara tararwa. Ko da ba a kama ku ba, haƙƙin mutane ne. Ku ce a'a, ko da a ranar ba ku da na cefane.

Da zarar aiki ya fara kankama, ku yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, ku buɗe asusun banki da sunan, ku riƙa ba da rasit. Makarantu da ƙungiyoyi ba sa son tura kuɗi asusun mutum, kuma takardar tana amfani ranar da aka tsayar da ku a hanya ana tambayar abin da kuke yi da laftof.

Ku ƙannena mata, sana'ar nan ta dace da mai son aiki daga gida, kuma mata 'yan kasuwa da yawa sun fi sakewa da 'yar'uwarsu. Ku tsayar da lokacin amsa waya, ganawa ta kasance a ofis ko shago da rana, kuma kada ku rage farashi don an ce ai a gida kuke yi.

Wasunku na tsoron cewa tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 sana'ar ta mutu. Gaskiya ne shafi mai sauƙi yanzu ana haɗa shi cikin mintuna, kuma wanda iyakar iyawarsa canza launin samfuri zai sha wahala. Ku yi amfani da waɗannan kayan aiki, amma kada ku ɗora kod ɗin da ba ku fahimta ba, don ranar da ya lalace ku za a kira. Ku zurfafa a JavaScript da PHP da rumbun bayanai, yadda za ku iya gina wa makaranta tsarin sakamako ko ku haɗa wa dila lissafin kayansa.

Ranar miƙa aiki kada ku tura adireshi kawai ku ce an gama. Ku je da kanku. Ku zauna da yaron shago ko sakataren makaranta, ya canza farashi ɗaya ya ɗora hoto ɗaya da hannunsa kuna kallo, ku ɗaukar masa ɗan bidiyo da Hausa da zai riƙa komawa gare shi. Ku ba mai aiki takarda mai ɗauke da sunan kamfanin rajista, da na masauki, da kalmomin sirri, da ranar sabuntawa, ku sa masa ranar a kalandar wayarsa. Ku nemi izininsa ku nuna aikin ga wasu, ya kuma rubuta muku layi biyu na shaida. Bayan wata ɗaya ku kira ku tambaye shi ko akwai wanda ya neme shi ta shafin. In ya ce babu, ku koma ku duba dalili.

Allah ya sa wa sana'a albarka, ya haɗa ku da masu biya a kan lokaci.

Wassalam,
Yayanku a sana'a, daga Kano.